A Kan Dabinon Yaya Hamidu, Abokin Gaban Sarkin Ingila

Zuwa ga Mai Girma Baturen da ke ba da lasin fitar da kaya, a Bariki.

Daga Ɗahiru mai dabino, mazaunin Yalwawa ta ƙasar Dutse.

Gaisuwa mai yawa da ban girma, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka da ke can ƙetaren teku. Ina yi maka barka da aiki, ina kuma yi maka sannu da yaƙi, ko da yake mu nan ba mu ga yaƙin ba, takardunsa kawai suke iso mana. Bayan haka:

Ranka ya daɗe, wannan takarda ba ta ɓoye ba ce. Na sa an kwafe ta, za a karanta ɗaya a kasuwar Dutse, ɗaya a Jahun, ɗaya a Miga, wannan kuma taka ce. Ba don rashin kunya na yi haka ba. Sau huɗu ina tsugunawa a ƙofar ofishinka ina neman ganinka, abin da na samu gani shi ne hularka tana wucewa ta taga. Kai kuma tafinta da za ka juya masa maganar nan, ka ji tsoron Allah ka faɗa masa duka. Na lura da aikinka: mutum ya yi bayani tsawon cin tuwo, kai ka juya shi da kalma uku, Bature ya gyaɗa kai, a ce na gaba.

Bari in fara gaya maka abin da ake magana a kansa, don akawunka ya rubuta “kaya, taiki biyu” ya rufe littafi, sai ka ce gishiri ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana itacen dabino uku a gindin dutse, mu biyu, ni da wana Yaya Hamidu. Dabinon ƙasarmu sau biyu yake haihuwa a shekara. Tsoho ba ya son a raba itatuwan, sai ya raba mana haihuwar tun yana da rai: ta rani ta Yaya, ta damina tawa. To, duk ɗan Dutse ya san bambancin. Na rani shi ne busasshe mai zaƙi, wanda zai shekara a ɗaki bai yi komai ba. Na damina kuwa luguf yake, ka tsinke yau, jibi ƙuda ya riga ka. Ni nake hawa, ni ƙaya take soka, ni nake sa wa matan furen namijin, amma mai kyan ya tafi ga Yaya, baduku, wanda bai taɓa ɗaga ƙafa ya hau ba. Abin ya ci ni ƙwarai. Ranar sadakar bakwai, a gaban dangi da liman, bakina ya kuɓuce na ce Yaya ne ya zauna wa tsoho a kunne lokacin jinya har ya karkatar da rabon. Ƙarya nake yi, kuma na sani tun kafin in rufe baki. Da kaka ta yi Yaya ya bi ayarin Adamawa, ya zauna a Ngaundere, bana shekara goma sha tara ke nan.

Shekarar farko na cika taiki biyu na tsoho, irin jakar nan ta fatar sa da ake ɗora wa jaki, na ba madugu ya kai masa rabonsa. Da fushi na aika, ina jira ya maido mini da abinsa in samu na faɗa. Sai ayari ya komo da taikin wayam, a naɗe tsaf. Babu gaisuwa, babu zagi. Haka muke yi tun daga nan: su tafi a cike da bazara, su dawo babu komai da rani, ni in san yana raye, shi ya san ban ci haƙƙinsa ba. A shekara ta bakwai ɗaya ya yage a gindi a kan hanya, ya dawo mini a ɗinke. Ina dubawa na gane hannun, don Yaya bahago ne, ɗinkinsa kwance yake ta hagu. Na zauna da taikin nan a cinya tun hantsi har la’asar. Wannan ɗinki shi ne iyakar maganar da wana ya yi mini tun da ya bar gida.

Yanzu ga ƙorafina.

Na ɗaya. Bara da kaka mai shela ya zaga kasuwa, ya ce Sarkin Ingila ya ɓata da Sarkin Jamus, saboda haka ko allura ba za a kai ƙasar Jamus ba sai da lasin. Na ce Allah ya daidaita tsakaninsu, na ci gaba da harkata, don ni ban san kowa a Jamus ba. Sai da na zo ofishinka aka fahimtar da ni ashe ina da wa Bajamushe. Akawu ya shimfiɗa mini taswira, ya nuna wani jan layi da ɗan yatsa, ya ce duk wanda ke kwana a bayan layin nan abokin gaba ne. Ranka ya daɗe, ranar da Yaya ya bi hanyar nan babu layi, babu ku, babu Jamus. Ya wuce da jakinsa bai taka komai ba. Layin ne ya je ya same shi a gida.

Tun da kuwa yaƙi ake yi, ya kamata ka san ƙarfin abokin gabanka. Shekararsa saba’in ba biyu. Haƙorinsa huɗu, biyu ma suna rawa. An shaida mini sai ya jiƙa dabino a ruwa tun da hantsi kafin ya iya cin sa da almuru. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Makaminsa basilla ce, kuma iyakar ɓarnar da ya taɓa yi da ita ita ce takalmin da ya matse wa wani Bafillace ƙafa. In wannan ne ya dami Sarkin Ingila, don Allah a aika masa ya kwantar da hankalinsa, ni Ɗahiru na tsaya wa wana.

Na biyu, maganar rantsuwa. Dokarka ta ce mai kaya da kansa zai zo ya dafa Alƙur’ani ya faɗi inda kayansa za su sauka. Na bi doka. Na kora jaki kwana huɗu zuwa birni, na shiga jerin fatake. Na gabana mai ƙiraga ne, fatun shanu, kayan raƙumi tara, ya dafa ya ce Yola. Mai ƙarfe ya ce Yola. Mai dawaki shida ya ce Yola. Ranar nan na ƙirga mutum talatin da ɗaya, kowa Yola, kowa kuma ya fita da takardarsa yana murmushi. Wallahi da a ce duk abin da aka rantse a ofishinka ya sauka a Yola, da yanzu mutanen Yola a kan kaya suke kwana don babu wurin shimfiɗa tabarma. Na san Yola tana ɓangarenku, na kuma san daga can zuwa jan layinku ba wata tafiya ba ce. Ba zan kama sunan kowa ba. Ban bi su ba, ban ga inda suka sauke ba. Shi ma madugun da ke kai mini saƙo Yola yake zuwa kamar kowa, sai dai Allah ya yi masa baiwar jin labarin Ngaundere dalla-dalla.

Da aka zo kaina na dafa Littafi na ce Ngaundere. Na bayana ya taka mini ƙafa. Akawu ya ajiye alƙalami ya ce ko Baba bai ji tambayar ba ne. Yaron nan, in faɗi gaskiya, so ya yi ya taimake ni. Ya rage murya ya ce ai ba wanda ya tambaye ni ƙarshen tafiya, in ce Yola in tafi gida in huta. Na ce masa, ɗana, na taɓa yi wa mutumin nan ƙarya sau ɗaya da fatar baki, ga shi har yau ban gama ganin abin da ta jawo mini ba, ba zan ƙara ta biyu da hannuna a kan Littafin Allah ba. Nan take aka buga wa taikina biyu jan hatimi, ɗaya a kowanne. Yanzu duk madugun da ya gan su sai ya ja da baya kamar ya ga kunama, don an ce in aka sami jan hatimi a cikin ayari, ayarin duka za a tsare. Ina taya ka murna, ranka ya daɗe. Cikin mutum talatin da biyu dokarka ta kama mutum ɗaya, kuma shi ne wanda ya gaya mata gaskiya.

Na uku. Na tambaya, to shi lasin Ngaundere ɗin akwai shi kuwa? Aka ce akwai mana, har an buga takardunsa, ga su can a ɗaure a kan kanta. Sharaɗinsa ɗaya ne tak: kayan su zama marasa amfani ga abokin gaba. Na ce to wane mahaukaci ne zai kora jaki kwana arba’in da biyar da kaya marasa amfani? Akawu ya ce shi ya sa har yau ba a ba kowa ba. Na je kusa na leƙa ɗaurin. Gara ta fara shiga ta gefe, ita ba a sa ta rantsuwa ba.

Takardar kuma tana son sunan mai saye. Na ce babu mai saye, kayan mai kaya ne, ni ɗan aike ne kawai. Aka duba littafi gaba da baya. Akwai gurbin mai sayarwa, akwai gurbin ɗan fasa-ƙwauri, amma babu gurbin mutumin da ke mayar wa wani abinsa. Ina tambaya da ladabi: a ƙasarku ba a riƙe wa juna amana ne, ko dai mai rubuta littafin ne ya manta?

Na huɗu, maganar bincike. Abin da doka ta hana da suna shi ne ƙarfe da fata da doki da abinci. Dabino ba ya cikin jerin, sai gardama ta tashi a ofis, wasu suka ce abinci ne, wasu suka ce kayan marmari ne. Aka ce in bar kayan a yi bincike. Kwana goma sha ɗaya ana bincike! Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ma’aikata masu himma irin naka ba. Masinja ya bincika. Mai gadi ya bincika, da shi da wanda ke canjinsa. Mai shara ya bincika. Kukunka ma da aiki ya hana shi zuwa, sai ya aiko da kwano a bincika masa. Kowace safiya in na zo na ga ƙwallaye zube a gindin tsamiyar ƙofar ofis, sai in ce alhamdu lillahi, aikin Gwamnati yana tafiya. Ranar yanke hukunci aka kira masinja shaida, ya ce shi dai tun da aka fara aikin nan bai ƙara sayen fura da rana ba. Aka rubuta: abinci ne, an hana. Aka miƙo mini taiki ɗaya a cike, ɗaya ya sauka har rabi.

Kai wannan rabin taiki ba komai ba ne a wurinka. Ni kuwa ba ni da abin cikawa, don na rani duk nasa ne, shi ne wannan. In na sayo na wata gona na zuba, Yaya zai gane tun a ƙwayar farko, a gindin itatuwan nan ya yi rarrafe. Shekara goma sha takwas bai taɓa ɗaga taiki ya ji da sauƙi ba. Mutumin da na tsaya gaban jama’a na ce ya ci rabona, bana shi ne zai ɗaga ya ji nasa ya ragu a hannuna. Me kake so ya ce a ransa?

Na biyar. Wannan shi ne ya hana ni yin shiru, kuma a nan ba ni da abin dariya. An gaya mini ko da an yarda da dabinon, sai dai in kai shi a tafin hannu, don taikin kansa fata ne, Jamus za su iya yanka takalmin soja da shi. Taikin da ya girmi akawu da masinja a haɗe! Wannan na haɗiye. Amma ranar da zan karɓi kayana, wani ɗan sanda ya juya taikin ya ga ɗinkin Yaya, ya ce ai a irin wannan ake ɓoye wasiƙar leƙen asiri. Na roƙe shi. Na durƙusa na kama ƙafarsa, ni da furfurata, na ce ya zazzage kayan ya sa hannu ta ciki ya laluba yadda yake so. Ya zare wuƙa ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Bai sami komai ba, ya ce in gode wa Allah. Na tsince guntayen zaren daga ƙasa, suna nan a aljihuna yanzu da nake rubutun nan. Na yi kuka a gaban fatake, kuma ban ji kunya ba. Shekara goma sha biyu ina shafa ɗinkin nan duk sa’ad da taiki ya dawo, an warware shi kafin mutum ya gama alwala. Na ɗaure yagar da igiyar kaba na koro jakina gida.

To, ga roƙona.

Ina roƙo ka ba ni lasin nan, ka zama Baturen farko da ya kwance ɗaurin takardun kafin gara ta gama da su. In ana neman shaidar rashin amfani, a rubuta cewa kayan tsoho ne mai haƙori huɗu, kuma jiƙawa yake yi.

In hakan ba zai yiwu ba, ka ba ni ’yar takarda da hatiminka, da ajami don a iya karanta masa, mai cewa rabin taikin Hamidu ya tafi ne a aikin Gwamnati, ba Ɗahiru ne ya ci ba. Wannan ta fi mini lasin ɗin ma.

Ba na neman a kori kowa. Akawu yaron kirki ne, masinja kuwa mai iyali ne, yanzu ma ya koma sayen fura. Amma ka duba maganar rantsuwar nan don girman Allah. Kullum ana sa Musulmi talatin su dafa Littafi su faɗi abin da kowa a ɗakin ya san ba haka yake ba, har da mai riƙe Littafin. Ƙarfe yana wucewa, fata tana wucewa, abin da ke tsayawa a ofishinka shi ne tsoron Allah na mutane. In hanyar kake son rufewa ka sa mata masu gadi, in ba ka da masu gadin ka bar bayin Allah da rantsuwarsu.

Saura magana ɗaya. Ruwa ya fara sauka, nan da ɗan lokaci kogin Binuwai zai cika, kuma bana azumi zai kama daidai lokacin da dabinon ya saba isa. Babu madugun da zai ɗauki jan hatimi, ni kuma ba zan juye kayan a wani buhu in koma in rantse da Yola ba. Saboda haka da kaina zan kai. In amsarka ta same ni, madalla. In ba ta same ni ba, ranar Lahadi ta sama bayan sallar asuba zan fita daga Yalwawa da farin jakina mai yankakken kunne. Ta Birnin Kudu zan bi, in gangara ƙasar Gombe, in shiga Yola. E, ni ma zan je Yolar, sai dai ba can zan sauke ba. Na faɗi wannan ne don kada a wahalar da ’yan sanda da nema. Ba na sauri, gwiwata ta dama ta daɗe da ƙin tafiya, mai son kama ni ko da rarrafe zai cim mini. In an kama ni, roƙona a rubuta laifina daidai yadda yake: tsoho ɗaya, jaki ɗaya, dabino taiki ɗaya da rabi.

Maƙwabta sun ce in kai wa dukawan Dutse su gyara yagar kafin in tashi. Na ƙi. Haka zan kai masa ita da igiyar kabarta, in ajiye a gabansa, in faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun ranar sadakar bakwai, cewa ƙarya na yi masa. Shekara goma sha takwas ina aika jaki ya faɗa a madadina don ni na kasa. Dokarka ce ta tashe ni tsaye, kuma iyakar alherin da na san ta yi wa wani ke nan, a rubuta mata shi. Ban san ko zai amsa mini ba, Yaya ba mai yawan magana ba ne. Amma in ya jawo taikin ya laluba yagar ya nemi basillarsa, na san an yafe mini. An ce yanzu idonsa ba ya ganin kafar basilla. Ba komai, ni zan zura masa zaren.

Da na naɗe maka ƙwaya ɗaya a cikin takardar nan ka ɗanɗana, amma ba nawa ba ne, kuma ina jin kukunka ya riga ya kawo maka.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya da basirar aiki, ya kashe wutar yaƙin nan kowa ya huta. Allah ya mai da kai gida lafiya. In kana da ɗan’uwa a can, Allah ya sa ka same shi da rai, kuma kada wani ya zo ya ja layi a tsakaninku.

Wassalam.

Naka mai biyayya, har zuwa ranar Lahadi,
Ɗahiru mai dabino, ƙanen Hamidu baduku.